Yadda ake kiwon kawa a bakin teku ba tare da an sare saiwar mangurof ba

Duk wanda ya taɓa haɗa abincin kajin ƙwai da hannunsa ya san wani farin ɓawo da ake niƙawa a zuba a ciki don ƙwan ya yi ƙwari. Ɓawon kawa ke nan. Ita kawa dangin kumbar da muke tsinta a bakin kogi ce, nama mai laushi a tsakanin ɓawo biyu, sai dai ta fi son ruwan zartsi, wurin da kogi ke haɗuwa da teku. Irin da ke gaɓar Afirka ta Yamma, wanda masana ke kira Crassostrea tulipa, yana manne ne a saiwar mangurof, bishiyar nan da ke tsaye cikin taɓo saiwoyinta a waje kamar ta yi dogarawa da sanduna. Mai tambayar halaccin cinta kuwa, a mazhabar Malikiyya duk abin da ke rayuwa a teku halal ne, Hanafawa ne suka taƙaita a kan kifi.

Tun kaka da kakanni mata ke cirar kawa a Gambiya da Senegal da Gana da yankin Neja Delta. Hanyar da ta fi sauri ita ce a sa adda a datse saiwar da kawar ke jiki, a loda a kwale-kwale, a je gida a ɓamɓare. Saurin nan shi ya ci dajin. Saiwa ta tafi, baɗi 'ya'yan kawa ba su da wurin kamawa, ƙananan kifi da jatan lande da ƙaguwa sun rasa maɓuya, gaɓa kuma ta soma zaizayewa. Kiwo ya zo ne don a ba kawa wani abin da za ta kama a bar wa bishiya saiwarta.

Abu ɗaya za ka riƙe kafin ka kafa sanda ko guda: mai kiwon kawa ba ya ba ta abinci. Ba dusa, ba taki, ba magani. Ruwa take zuƙa ta tace, ta cinye ƙananan halittu masu kama da gansakuka waɗanda ido ba ya gani. Babbar kawa irin ta gabashin Amurka tana iya tace ruwa har kusan lita 190 a rana idan yanayi ya yi mata daidai. Wannan ne ya sa ruwa ke yin garau inda take da yawa, kuma wannan ne ya sa duk ƙazantar da ke cikin ruwan take tarawa a cikinta. Rabin aikinka gadin ruwa ne.

Mataki na farko: zaɓen wuri

Nan za ka fi daɗewa, don kuskuren wuri ba ya gyaruwa da ƙwazo.

Fara da duba ko akwai kawar daji a wurin. Idan saiwoyin mangurof na mashigin suna ɗauke da ita, manya da ƙanana, ruwan ya riga ya ba ka amsa. Idan babu ko ɗaya, kada ka ce kai ne za ka fara kawo ta.

Sannan ka zauna ka koyi tafiyar ruwan. Teku na cikowa ya janye sau biyu a kwana ɗaya, kuma kullum lokacin na jinkirta da kamar minti 50. Cikowa mafi girma da janyewa mafi nisa suna zuwa ne a kwanakin tsayuwar wata da kwanakin sha huɗu, don haka mai lissafi da watan Musulunci yana da kalandar aikinsa a hannu. Ka je wurin lokacin da ruwa ya janye ƙarshe, ka kafa sanda, ka yi mata alama a daidai inda kawar daji ta fi yawa a jikin saiwa. Tsayin nan shi ne ma'auninka na duk abin da za ka rataya daga baya.

Gishiri ma abin aunawa ne. Ruwan teku tsantsa na ɗauke da gishiri kamar giram 35 a kowace lita. Kawar mangurof na jure hawa da sauka sosai, amma ruwan daɗi zalla idan ya daɗe a kanta yana kashe ta. Akwai 'yar na'ura ta hannu da ake ɗiga mata ruwa a leƙa a karanta yawan gishirin, ƙungiya ɗaya na iya yin karo-karo ta saya. A auna da rani, a auna da tsakiyar damina. Matan da ke cirar kawa a bakin kogin Densu, yamma da Akara babban birnin Gana, sun san wannan da jikinsu: idan aka buɗe ƙofofin madatsar Weija da ke samansu, ruwan daɗi na malalowa ya dushe gishirin wurin. Saboda haka ka tambaya ko akwai madatsa a saman kogin da ka zaɓa, da lokacin da ake sako ruwanta.

Sai ƙazanta. Ɗauki kwale-kwale ka bi mashigin zuwa sama, ka kuma taka gaɓar da ƙafa. Me ke zuba a ciki? Masai da aka gina a kan ruwa, lambatun gari, mayanka, juji, garejin da ke zubar da baƙin mai, gonar da ake yi wa feshi, bututun man fetur. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ya isa ya sa ka matsa gaba. A shekarar 1988 mutane kusan 300,000 ne suka kamu da ciwon hanta a Shanghai ta ƙasar Sin bayan sun ci wani irin kumba da aka kwaso daga ruwan da najasa ta gurɓata ba tare da ya dahu sosai ba. A Neja Delta kuwa matsalar ta fi ƙarfin dafuwa: rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar kan ƙasar Ogoni a 2011 ya nuna yadda ɗanyen mai ya ratsa taɓo ya kashe mangurof. Kawar da ta girma a irin wannan wuri ba ta ciwuwa ko an kwana ana tafasa ta. Mu ma na nesa muna da hannu a ciki: ledar da aka jefa a kogin Kaduna ko Binuwai, kogin Kwara take faɗawa, shi kuma a Neja Delta yake ƙarewa.

Idan da hali, a kai samfurin ruwa da na naman kawar daji ɗakin gwaji. Tarayyar Turai ta kasa wuraren kiwo gida uku bisa yawan ƙwayar E. coli, wadda ke nuna alamar kashi, a cikin giram 100 na naman kawa da ruwan cikinta. Ajin A iyakar ƙwayoyinsa 230, daga nan ana iya kai kaya kasuwa kai tsaye. Ajin B 4,600, sai an tsarkake kawar a ruwa mai tsabta ko an dafa. Ajin C 46,000, sai an mayar da ita ruwa mai tsabta ta daɗe, ko a dafa ta yadda doka ta tsara. Ko ba Turai za ka sayar ba, lambobin nan na ba ka abin da za ka gwada sakamakonka da shi.

Na ƙarshe a wannan mataki, izini. Ruwa yana da masu shi ko da ba a ga shinge ba. Ka gaida mai gari da shugabannin masunta da matan da suka riga ka a wurin, sannan ka je ofishin kula da kamun kifi. Kada ka kafa komai a hanyar kwale-kwale, ko a kan filin ciyawar ƙarƙashin ruwa inda kifi ke ƙyanƙyasa.

Mataki na biyu: carbin ɓawo

Kawa na zuba ƙwai da maniyyi a cikin ruwa ne, su haɗu a can. 'Ya'yan na yawo da ruwa mako biyu zuwa uku, ƙanana ƙwarai, sannan su nemi abu mai tauri su manne. Daga ranar ba sa sake motsawa har mutuwa. Abin da suka fi so su kama shi ne ɓawon 'yar'uwarsu.

Don haka tara tsofaffin ɓawo, masu faɗi, ka wanke, ka shanya a rana na tsawon watanni har duk wani ragowar nama da cuta su ƙone. Huda kowanne a tsakiya da ƙusa da guduma. Yanko igiya mai jure gishiri kamar mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ka zura ɓawon ɗaya bayan ɗaya kamar mai shirya carbi, kana ƙulla igiyar a ƙarƙashin kowanne don ya tsaya, tsakaninsu kamar faɗin tafin hannu. Cikin ɓawon ya kalli ƙasa, don 'ya'yan na son inuwa kuma laka ba za ta taru a ciki ba. Wannan ita ce dabarar da ta bazu a yankin Salum da Kasamans na Senegal da kuma Gambiya. Inda ɓawo ya yi ƙaranci ana amfani da ƙoƙon kwakwa. Mutanen Arkashon a Faransa kuwa tun ƙarni na 19 suke shafa wa fale-falen yumɓu farar ƙasa da yashi, don idan 'ya'yan sun kama a ɓamɓare su cikin sauƙi.

Tsohuwar taya, katakon da aka jiƙa da maganin gara, sandar da aka shafa wa baƙin mai don kada ta ruɓe, duk ka bar su a tudu. Abin da ya zuba daga jikinsu cikin kawar zai shiga.

Mataki na uku: rumfa

Siffarta kamar rumfar shanya ce. A kafa sanduna cikin taɓo su nutse sosai, a gicciya wasu a sama a ɗaure, a rataya carbin a jere da tazarar kamar kamu ɗaya. Sandunan su zama na gora ko wani itacen tudu. Wanda ya sari mangurof don ya kafa rumfar kawa ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

Tsayin rataya shi ne sirrin. Tsakiyar carbin ya dace da alamar da ka yi a sanda tun farko. Ƙarshensa kada ya taɓa taɓo, a bar kamar santimita 30, don ƙaguwa da katantanwa masu huda ɓawo ta ƙasa suke hawowa, laka kuma na toshe wa kawa numfashi. Ana so idan ruwa ya janye ta sha iska na ɗan lokaci. Ita tana rufe bakinta ta jira, amma yawancin abubuwan da ke liƙe mata ba sa jure rana. Idan ka ɗaga ta da yawa kuma, lokacin cin abincinta ya ragu, sai ta tsumbure.

Jera rumfunan su bi tsawon tafiyar ruwa, kada su tare shi.

Mataki na huɗu: kama iri

Kada ka zuba duk carbinka a ruwa rana ɗaya don kawai ka gama haɗa su. Idan ka riga 'ya'yan zuwa, laka da wasu halittu masu ɓawo kamar ƙananan tuddai za su cinye wurin kafin su iso. Rataya carbi biyu ko uku na gwaji, ka ciro bayan mako biyu ka duba cikin ɓawon da kyau. 'Yar kawa sabuwar kamawa kamar ɗigon ƙwayar riɗi take, shimfiɗe, mai ɗan sheƙi. Ƙirga, rubuta a littafi da kwanan wata da gishirin ranar, ka sa sabo. Ranar da ka ga lissafin ya yi tsalle, ranar ce ta fito da sauran. Lokacin ya bambanta daga mashigi zuwa mashigi, yana bin ruwan sama da sauyin gishiri, shi ya sa littafinka na shekara biyu ya fi maganar baƙo komai iliminsa.

Wata rana wani zai zo maka da labarin irin waje mai saurin girma. Ka tuna da Faransa. A 1979 wata cuta mai suna Bonamiya ta ɓulla a yankin Biritani na ƙasar, ana danganta shigowarta da irin da aka kawo daga Kalifoniya, ta kuma durƙusar da kiwon kawar gargajiyar Turai wadda har yau ba ta koma yadda take ba. Ko daga wani kogin ƙasarku ne, kada ka ɗauko kawa mai rai ko ɗanyen ɓawo ka zuba a naku. Neja Delta na da nata darasin daga ɓangaren tsiro: wani irin kwakwar ruwa mai suna nipa da aka shigo da shi Kalaba a 1906 yanzu ya mamaye wurare da dama da mangurof yake a da, kuma ba shi da irin saiwar da kawa ke kamawa.

Mataki na biyar: reno

Ziyara duk mako biyu, lokacin babbar janyewar ruwa. Girgiza kowane carbi cikin ruwa laka ta zube. Kankare abin da ya liƙe da wuƙa marar kaifi. Duba ƙulli da sanduna, don nauyin carbi na ninkuwa yayin da kawa ke girma, rumfar da ta tsaya cak a wata na biyu tana iya kifewa a na shida. Sa safar hannu da takalmi, gefen ɓawo reza ne, kuma ciwon da ruwan zartsi ya shiga yana iya rikiɗewa da sauri. A kwale-kwale a sa rigar hana nutsewa ko an iya iyo.

Idan 'ya'ya sun yi cunkoso a ɓawo ɗaya, rage su. Guda ashirin a wurin da zai ɗauki biyar za su fito dogaye, sirara, ba nama. Waɗanda ka cire, idan sun kai girman babban yatsa, zuba su a buhun raga mai tauri ka shimfiɗa a kan rumfa, kada ya wuce cikin kashi ɗaya bisa uku, kana juya shi duk zuwa. Kawar buhu ta fi fitowa da kyan siffa, ita ce otal ke saya da tsada.

Akwai iyaka ga abin da mashigi ɗaya zai iya ciyarwa. Alamarta biyu: girma ya ragu a duk rumfunan lokaci ɗaya, ko taɓon ƙarƙashinsu ya koma baƙi yana warin ruɓaɓɓen ƙwai saboda kashin kawa ya taru ruwa bai kwashe ba. Ka ga haka, rage rumfa, ka matsar da sauran, ka bar wurin ya huta. Kuma duk guntun igiya ko yagaggen buhu ya dawo tudu tare da kai. Ƙirga abin da ka kai ruwa, ƙirga abin da ka dawo da shi.

Mataki na shida: girbi da ranar da ba a girbi

A ruwa mai kyau kawar mangurof na isa ci cikin wata takwas zuwa shekara. A nan ne misalin Gambiya ya cancanci a tsaya a kansa. A 2007 Fatou Janha Mboob ta kafa ƙungiyar TRY ta mata masu cirar kawa a dausayin Tanbi, kusa da Banjul, daji mai faɗin sama da hekta 6,000. Ƙungiyar ta kai mata kusan 500 daga garuruwa 15. A 2012 gwamnati ta ba su haƙƙin cin gajiyar kawa da kumbar dausayin su kaɗai, bisa ƙa'idojin da su da kansu suka amince da su: a rufe wata takwas, a buɗe daga Maris zuwa Yuni, kada a ciri wadda ba ta kai santimita 6 ba, kada a datse saiwa. A shekarar ce suka karɓi lambar yabo ta Equator ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Matan Densu, na Tsokomey da Bortianor da Tetegu, sun bi sahu da rufewar wata biyar wadda suka fara a Nuwamban 2017. Mutumin Argungu ba zai ga baƙon abu a nan ba, shi da ya san ana hana taɓa Matan Fada sai ranar gasa.

A ganina abin da ya sa dokar ta kama shi ne haƙƙin mallaka. Ba wadda za ta haƙura da cirar ƙaramar kawa yau idan ta san gobe wani daga wani gari zai zo ya kwashe. Don haka idan kuna da yawa a mashigi ɗaya, ku zama ƙungiya, ku rubuta ƙa'ida, ku nemi hukuma ta sa hannu.

Wajen girbi, yanke carbin ka ɗauko shi ɗungum. Ware ƙanana su koma buhu. Ka kuma bar wasu manya a ruwa da gangan, don irin wannan kawa yawanci tana fara rayuwa a namiji ne, sai ta girma take komawa mace, kuma babbar mace ɗaya na zuba ƙwai miliyoyi. Mai kwashe manya duka ya kwashe iyayen irin baɗi.

Kada a yi girbi kwanaki kaɗan bayan ruwan sama mai ƙarfi, lokacin ne ƙazantar gari ke gangarowa. Kada a yi idan ruwa ya rine ya yi ja ko ruwan ƙasa ba dalili, ko aka ga matattun kifi suna yawo. Wasu daga cikin ƙananan halittun da kawa ke ci suna da dafi, kuma wuta ba ta kashe shi. A 1987 irin wannan dafi a cikin kumbar tsibirin Prince Edward na Kanada ya kwantar da mutum sama da 100, uku suka mutu, wasu suka rasa ƙwaƙwalwar tuna abu.

Mataki na bakwai: daga ruwa zuwa tukunya

Wanke laka da ruwan wurin, ajiye a inuwa, gefen ɓawo mai zurfi a ƙasa don ruwan cikinta ya zauna, a rufa da jiƙaƙƙen buhu. Kada a jiƙa ta a ruwan rijiya ko na famfo, mutuwa za ta yi. Wadda bakinta ke buɗe, ƙwanƙwasa ta: idan ba ta rufe ba ta mutu, a zubar.

Masu sayar da ɗanya ga otal sai sun tsarkake ta a tanki mai tsabtataccen ruwan gishiri na kusan kwana biyu don ta amayar da abin cikinta. Wannan na rage ƙwayoyin cuta, amma ba ya kawar da dafi ko mai. Ga mai ƙaramin ƙarfi a ƙasa mai zafi, dafawa ta fi. A tafasa har bakin ya buɗe, a ƙara minti 3 zuwa 5, wadda ta ƙi buɗewa a yar. Daga nan a ciro naman a sayar, ko a shanya, ko a yi banda.

Itacen dafuwar nan shi ne ƙofa ta biyu da ake cin mangurof ta cikinta, kuma mutane sun fi mantawa da ita. Murhu mai rufi da tukunya mai murfi da ruwa kaɗan suna rage itace sosai, tururi ma ya isa ya buɗe kawa. Idan akwai inda aka riga aka sare, da damina a tsinci 'ya'yan mangurof, dogaye kamar kuɓewa, waɗanda suka faɗo da kansu, a soka kashi ɗaya bisa uku na tsawonsu cikin taɓo mai laushi inda ruwa ke zuwa yana komawa. Haka ƙauyukan Kasamans suka dasa miliyoyi tun daga 2006, tare da ƙungiyar kare muhalli ta Oceanium, ƙarƙashin jagorancin Haidar El Ali.

Ɓawon da ya rage kasa shi uku. Masu faɗi da kyau su tafi shanya don carbin baɗi. Wani kaso a mayar kan taɓo mai tauri a cikin mashigin da aka ciro shi, ya zama shimfiɗar da kawar daji za ta kama. Sauran a sayar wa masu ƙona shi su yi farar ƙasa, ko masu niƙa abincin kaji. Na shanyar a zuba su tun makon farko na girbi, don su sami watanninsu a rana kafin carbin gwaji ya nuna cewa iri ya iso.